Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da bindigar wasan Virtua Cop?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman sunan Hausa ga na'urar da Turawa ke kira light gun, wato bindigar roba da ake ɗaurewa da waya a jikin akwatin wasa, mai wasa ya riƙe ta yana harbin abin da ya bayyana a allo. Wasan da nake rubutu a kansa shi ne Virtua Cop, wanda kamfanin Sega na Japan ya fitar a 1994 daga sashensa na AM2 da Yu Suzuki ke jagoranta a lokacin. Mai wasa yana zama ɗaya daga cikin 'yan sanda biyu, Michael Hardy ko James Cools, kuma ba shi ke zaɓar inda zai bi ba, na'urar ce ke kai shi lungu-lungu, aikinsa saiti da harbi kawai. Duk ɗan fashin da ya leƙo, wani zobe yana kewaye shi, launinsa yana sauyawa daga kore zuwa ja, kuma idan ya kai ja kafin ka harbe shi, to shi zai harbe ka. Wanda ya harbi farar hula yana asarar rai ɗaya, wanda kuwa ya sami hannun ɗan fashi har makami ya suɓuce masa yana samun ƙarin maki. Abin da ya fara zo mini shi ne "bindigar haske", amma ina son jin ta bakinku kafin in tsayar da ita.

Mai gyaran talabijin: Wa alaikumus salam, Malam. Ina da ja a kan "bindigar haske", kuma hujjata daga cikin na'urar take. Wannan bindiga ba ta fitar da komai daga bakinta, ko haske ko wani abu. Wanda ya kwance ta zai tarar da gilashi mai tattara haske, a bayansa kuma akwai ɗan ƙaramin abu mai jin haske, sai makunnin da ke manne da kunama. Tsohon akwatin talabijin mai doro ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Ɗigon haske ɗaya ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, kusan sau 60 a cikin daƙiƙa, saurin da idon mutum ba ya iya bi. Idan aka ja kunama, allon yana yin fari fat na ƙiftawar ido, bindigar ta tsaya jiran lokacin da ɗigon zai ratsa wurin da bakinta ke kallo, ita kuma kwamfutar da ke cikin akwatin ta lissafa tsawon lokacin da ɗigon ya ɗauka kafin ya iso nan, ta haka ta gane inda aka yi saiti.

Akwai shaida a cikin wasan kansa. Bindigar ɗan sandan Virtua Cop tana ɗaukar harsashi 6, kuma idan sun ƙare, hanyar ɗura wasu ita ce a kawar da bakinta daga allo a ja kunama. Na'urar tana gane haka ne domin bindigar ba ta ga ɗigon ba ko kaɗan. Shi ya sa kuma bindigar da aka sayar tare da wasan lokacin da ya shiga gidaje a kan na'urar wasan bidiyo ta Sega Saturn a 1995 ba ta aiki da talabijin na bango irin na yanzu, tunda shi ba ya zana hoto da ɗigo mai gudu. Shawarata ita ce a ce "bindiga mai ido".

Malamar Hausa: Allah ya saka da alheri, Malam, bayanin ya gamsar. Sai dai ina so a yi wa "bindigar haske" adalci ta fuskar nahawu, domin haɗin suna da suna a Hausa yana da faɗi ƙwarai. Jirgin ruwa ba ya fitar da ruwa, a kansa yake tafiya. Bindigar farauta ba farauta take fitarwa ba, domin farauta aka yi ta. Saboda haka "bindigar haske" na iya nufin bindigar da ke aiki da haske, ko ta wace hanya, kuma ba za a ce an yi kuskure ba. Matsalar tana ga kunnen mai sauraro. Bahaushe ya riga ya saba da bindigar toka da kuma bindigar ruwa ta yara, inda kalma ta biyu ke nuna abin da ake ɗura wa bindigar ko abin da take fesowa, don haka duk wanda ya ji "bindigar haske" zai ɗauka wani haske ne ke fita daga bakinta ya daki allo. A ɗaya ɓangaren kuma, "bindiga mai ido" ta hau kan ginin da muke da shi tun tuni, irin su bindiga mai baki biyu da bindiga mai jigida, inda ake ambaton sifar da ta bambanta wannan da saura. Jam'inta ma ba ya ba da wahala: bindigogi masu ido.

Wani ɗalibi: Malama, ina neman afuwa, me zai hana a sauƙaƙa a ce "bindigar wasa", tunda kowa zai fahimta nan take?

Malamar Hausa: Ɗana, kowa zai fahimta, amma wani abu daban zai fahimta, domin bindigar wasa ita ce ta roba da ake saya wa yara a kasuwa lokacin sallah. Kuma ko a Amurka ba a ɗauki waɗannan na'urori kayan wasan yara zalla ba. Kafin Virtua Cop akwai Lethal Enforcers na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1992, shi ma na 'yan sanda ne, da hotunan mutane na gaske a birnin Chicago, kuma bindigarsa ta gida mai suna Justifier tana cikin abubuwan da aka nuna a zaman Majalisar Dattawan Amurka a Disamba 1993, wanda sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka jagoranta a kan tashin hankali a wasannin bidiyo. Zaman nan ne ya kai ga kafa hukumar ESRB mai tantance wasanni bisa shekaru a 1994. Mai rubuta wannan tarihi da Hausa yana buƙatar suna da zai ware na'urar daga abin wasan yara.

Mai gyaran talabijin: Zan ƙara abu ɗaya, kada a jefar da "bindigar haske" gaba ɗaya, domin tana da nata gurbi. A 1936 kamfanin Seeburg na Amurka ya fitar da wasan harbin agwagwa mai suna Ray-O-Lite, kuma a cikinsa bindigar ce ke fitar da haske, abin jin hasken yana jikin agwagwar. Wannan ita ce bindigar haske ta haƙiƙa, kuma sunan Turancin ya ci gaba da bin na'urar ko bayan aikinta ya juye. Ita kuwa Zapper ta Nintendo da ake buga Duck Hunt da ita tun 1984, da ta Virtua Cop, duk kallo suke yi. Hatta abin riƙewa na na'urar wasan Wii ta Nintendo da ya fito a 2006 ƙaramar kyamara ce a bakinsa, yana kallon wasu fitilu da ake ajiyewa kusa da allo, waɗanda idon mutum ba ya ganin haskensu. Sunan da muka kawo zai ɗauki tsofaffi da sababbi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne kada mai karatu ya ɗauka "mai ido" tana nufin bindigar gwanayen harbi daga nesa, amma na lura cewa ita waccan madubi ake danganta mata, don haka ruɗanin ba zai yi yawa ba. Zan rubuta "bindiga mai ido" ga na'urar Virtua Cop da danginta, in bar "bindigar haske" ga irin ta 1936, sannan a karon farko da sunan ya fito in bi shi da jimla ɗaya mai bayyana yadda take aiki. Shi kuwa nau'in wasan gaba ɗaya, wanda ya haɗa da Virtua Cop 2 na 1995 da Time Crisis na kamfanin Namco, na tanadi "wasan harbin allo", idan babu mai ja a kai.

Malamar Hausa: Babu ja daga wajena, Malam, sai dai a tabbata an rubuta "harbin allo" ba tare da karan ɗori ba, domin suna biyu ne a haɗe, ba kalma ɗaya ba.