Muhawara: Albarushin Williamsburg, sata ce ko kwashewa?

Mai Tone-Tone: Na san ba za ku kula ba, sai an kawo zancen ƙwallo. Amma Patrick Henry, jagoran neman 'yanci daga Ingila da Amurkawa ke kambamawa, cinikin asara ya yi. Daren 20 ga Afrilu 1775 Gwamna Dunmore ya sa sojojin ruwa suka sace rabin-ganga 15 na albarushi daga rumbun Williamsburg a Birjiniya, yankin Amurka da Ingila ke mulka a lokacin, suka loda a jirgin Magdalen. Henry ya taso da mayaƙan sa-kai na gundumar Hanover ta Birjiniya, sai ya karɓi takardar fam 330 ta diyyar albarushin a ranar 4 ga Mayu, ya sallami jama'a. Takarda tana tashi a bindiga?

Ɗan Bariki: Malam, janye "sace". Gwamna wakilin Sarkin Ingila ne, kuma umarni ya zo daga Landan a tsare makamai. Mutum ba ya satar abin da aka ba shi tsaro.

Uwar Gida: To me ya kai shi aikin cikin dare? Rumbun nan tun 1715 aka gina shi zamanin Gwamna Spotswood don kare mazauna yankin. Sata ce, yallaɓai.

Ɗan Bariki: Hajiya, ko yau ba a jigilar albarushi cikin taro. Tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake ɗaure gangar da tagulla ko itace, ba baƙin ƙarfe ba, kuma mai takalmin ƙusa ba ya shiga rumbu.

Maƙeri: Gaskiya ne, amma ka bar danshi, wanda ya fi wuta ɓata kaya. Haɗin kashi 75 gishirin albarushi ne, 15 gawayi, 10 farar wuta. Gishirin nan na jan laima, ya dunƙule. Dole a ɗora gangunan kan katako nesa da bango, a riƙa juya su lokaci-lokaci. Cikin jirgi kuwa laima ta fi yawa.

Ɗan Bariki: Jiragen yaƙi da rumbunsu a ƙasan layin ruwa, fitilarsu ma a bayan gilashi take a wani ɗaki daban. Kai dai adaka ka sani.

Maƙeri: Adakar ma ta fi ƙarfin saninka.

Mai Tone-Tone: Jama'a, fam 330 fa nake magana! Carter Braxton, wani babban mutumin Birjiniya, shi ya shiga tsakani, kuɗin kuma daga surukinsa Richard Corbin, ma'ajin kuɗin Sarki. Rabin-ganga laba 50 ce, wato laba 750 suka tafi.

Uwar Gida: Biyan da aka yi shi ne shaida. Wa ke biyan diyyar kayansa? Kuma Dunmore ya ce tsoron tawayen bayi ne ya sa, sai ga shi yana barazanar 'yanta bayin ya mai da garin toka.

Ɗan Bariki: Biyan dole da bindiga a ƙofa ba amsa laifi ba ne. Kwana biyu bayan haka Dunmore ya yi shelar la'antar Henry.

Shugaban Zaure: Na rufe. An tabbatar gwamna yana da hurumi, saboda haka kwashewa ce, kuma Ɗan Bariki ya fi kowa hujja. Maƙeri ya kiyaye harshe.

Uwar Gida: Wa ya tabbatar? Ku biyu ajinku ɗaya a makarantar soja.