Me rubutu ya taɓa tono muku wanda ba ku san yana ranku ba?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina rubuta abin da ke raina kafin in kwanta. Abin da ya sa na fara, haushin ƙanwata nake ji, kuma da za a ce in faɗi laifinta ba zan iya ba. Sai na zauna da niyyar jera abubuwan da ta yi mini. Layi biyar na yi, alƙalami ya tsaya. Da na daure na ci gaba, sai ga hannuna ya rubuta cewa tun rasuwar mahaifiyarmu ita kowa ke lallashi, ni kuwa babba ce, haƙuri kawai ake ba ni. Wallahi ban san maganar nan tana cikina ba sai da na gan ta a takarda. Ashe kuka ne ban samu wurin yi ba, na ɗora wa yarinyar. Akwai wanda irin haka ta taɓa samu?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Ni shekara guda na yi ina gaya wa kowa ƙarancin albashi ne zai sa in bar aikina. Wata rana na koma na karanta abin da na rubuta cikin mako biyu. Albashi sau ɗaya ya fito. Kalmar "raini" kuwa kusan kowane shafi tana nan. Da na canza aiki don kuɗi, da na tafi da ciwona.

Autar Gida:
Amin. Anti, ni tawa ta harshe ce. In na rubuta da Turanci komai yakan fito tsaf, kamar labarin wata nake bayarwa. Ranar da na gwada da Hausa, na kasa rubuta "ina jin kunyar yadda na yi" sai da na ajiye biro na yi shiru. A Turanci ɓuya nake yi, yanzu na gane.

Baban Yara:
Ku yi mini afuwa, ni da farko rubutun cutar da ni ya yi. Bayan kasuwancina ya karye, kullum abu ɗaya nake maimaitawa: an cuce ni, an ci amanata. Wata biyu ina sosa gyambo, barci ya ƙaurace mini. Sai na daina gaba ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka faɗa masana sun lura da shi. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubutu minti 15 a rana har kwana huɗu kan abin da ya fi ƙona musu rai. Waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji, zuwansu asibitin makaranta ya ragu a watannin da suka biyo baya, ko da yake a lokacin rubutun ransu ya ƙara ɓaci. Daga baya ya gano cewa waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙara yawan kalmomi irin su "saboda" da "na gane" daga rana zuwa rana. Wato labarin yana motsi. Ni ma da mara lafiya ya rasu a hannuna, sai da na rubuta daren sau uku kafin in iya rubuta cewa babu abin da na rage.

Baban Yara:
'Yata, kin taɓo wurin. Da na dawo bayan shekara, tambaya ɗaya na ɗora a saman shafi: me ya sa na yarda da mutumin da ya cuce ni alhali na ga alamu? Amsar ba ta yi daɗi ba. Tsoron a ce ban iya ni kaɗai ba ne ya sa na riƙe shi. Amma daren ne na fara barci.

Uwar Biyu:
Na gode muku ƙwarai. Ban kira ƙanwata ba tukuna. Daren jiya na fara rubuta mata wasiƙa, na tsaya a inda zan ce mata ni ma ina kewar Mama. Yau zan ci gaba daga nan, in sha Allahu.