Injin jirgin ruwana yana zafi, fitsarinsa ya yi rauni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin jirgin shaƙatawa ne a tafkin Jabi, Abuja, da injin Yamaha mai doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Wata 8 yana ajiye a tudu. Yanzu in ana tafiya a hankali, ruwan sanyaya inji da yake fitsararwa ta gefe ɗis-ɗis yake zuwa, minti 10 kan injin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. In na ƙara wuta ruwan yakan ɗan ƙaru. An ce in cire tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, in huta. Ku ba ni shawara.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ɗaga ƙafar injin, wato sashen da ke shiga ruwa, ka duba rariyar da yake shan ruwa, a sama da farfela, don leda ko ciyawa kan manne a wurin. Sannan zura zaren kamun kifi mai kauri a ramin fitsarin. Zanzaro na son yin ɗaki a ciki in inji ya daɗe a ajiye. Amma tunda zafin na gaske ne, ba ramin kaɗai ba ne.

Amsa ta 2:
Imfela ce, ɗan'uwa, robar nan mai fukafukai ta cikin famfon ruwa. In inji na tafiya a hankali, fukafukan ne ke matsar bangon kofin da robar ke juyawa a ciki su tura ruwa sama. Da ta daɗe a bushe sai ta sandare a lanƙwashe, ta daina matsewa, shi ya sa sai ka ƙara wuta kake ganin ruwa.

Raba sandar giya, kwance notocin ƙafar, ka sauke ta. Famfon na zaune a kanta, shaf, sandar ƙarfen da inji ke juyawa, ya ratsa shi. Shafa cikin kofin da farantin ƙasa da yatsa: in yashi ya yi musu zane har farce na kamawa, sabuwar roba kaɗai ba za ta yi ba, sayi saitin duka da gasket, shimfiɗar da ke hana yoyo. Kula da ɗan ƙarfen da ke riƙe robar a jikin shaf, in ya faɗi shaf zai yi ta juyawa roba na tsaye. Goga wa kofin ruwan sabulu, ka riƙa juya shaf yadda hannun agogo ke tafiya kana danna murfin, fukafukan su kwanta gefe ɗaya. In tsohuwar ta gutsure, sai ka nemo guntayen, don suna hawa bututu su toshe. Wajen mayarwa ka tabbata bututun ruwan ya zauna a bakin famfon.

Kuma don Allah kada ka tayar da shi a tudu, daƙiƙa 30 ba ruwa ta isa ta ƙona sabuwar roba. Sa ƙafar a durom, ruwa ya haura famfon.

Amsa ta 3:
Batun cire tamostat ban goyi baya ba. In babu shi, inji a sanyaye zai riƙa aiki, fulogi ya yi baƙi, ya sha fetur. Rataya shi a tukunyar ruwa bisa wuta, wajen digiri 50 zai fara buɗe baki. In ya ƙi, a sa sabo.

Amsa ta 4:
Alhaji, tunda ya riga ya gasu, bayan gyara kwance fulogi ka duba. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a baki, gasket ɗin kan silinda ya ƙone. A auna matsin silinda biyun, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Haɗin mai kuma rabin lita ne a lita 25 na fetur.