Gajiyar nas a ɗakin yara: ta ina kuskure ke shigowa?

Mai Kula da Ɗaki:
Assalamu alaikum. Damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗaki, yara bibbiyu a gado, nas biyu a aikin dare. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa gajiyar nan mai cin rai cikin matsalolin wurin aiki: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga rai, mutum ya ga ba ya taɓuka komai. Ta ina take fara taɓa yaro? Me za a iya gyarawa kafin a ɗauki sababbin ma'aikata?

Sistar Jarirai:
Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. A lissafi take farawa, tunda maganin yaro da nauyinsa ake bayarwa. Ga jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta: 80mg cikin 2ml, wato 40mg a kowane ml. Jariri mai kilo 2 a makonsa na farko, 3mg a kowane kilo, 6mg ke nan, 0.15ml. Idon da ya kwana bai runtsa ba sai ya ja 1.5ml, ninki goma, ƙoda da kunne su ji jiki. A tanadi sirinji mai 1ml, domin kuskuren ba zai ma shiga cikinsa ba. Mutum biyu su yi lissafin daban-daban kafin su haɗa amsa. “Duba min” a tsaye ba duba ba ne.

Malamin Jinya:
Sista ta faɗi gaskiya, amma ni wurin miƙa aiki na fi tsoro. Wadda ta gaji taƙaita bayani take yi, sai ƙarin ruwan yaro mai tamowa ya zarce ba wanda ya ƙirga ɗigo, zuciya ta kasa. A miƙa a bakin gado: nauyi, lokacin allurar ƙarshe, ruwan da ya shiga, abin da ake fargaba. Wani bincike a Amurka a 2004 ya nuna aikin da ya kai awa 12 da rabi na ninka haɗarin kuskure kusan sau uku, don haka a daina haɗa wa mutum yamma da dare.

Tsohuwar Metiron:
'Yata, ki sa ido kan wadda ta daina ƙorafi. Uwa ta ce numfashin yaro ya canja, ta amsa “ina zuwa” ba ta ɗago kai ba. Takardar tuhuma ba ta gyara wannan, sai dai ta koya mata ɓoye kuskure. Ki janye ta daga gadajen gaggawa na mako biyu, ki biya ta hutun da take bin ki.