Musayar Waƙa: Yadda Talakawan Faransa Suka Tumɓuke Sarauta

Malam Mai Alli:

Da sunan Allah na fara, ku matso kusa 'yan'uwa,
Zancen Faransa na ɗauko, na sarki da talakawa.
Sarki Luwi na 16 bashi ya kai masa iya wuya, ba numfasawa,
Taimakon yaƙin Amurka ya kwashe kuɗi, ba dawowa.
Ƙanƙarar 1788 ta kwantar da alkama, ba tashiwa,
Sanyi ya biyo baya, kuɗin burodi na ta hauhawa.
Gishirin miya ma da harajinsa, talaka ke ɗauka da ƙyar, yana haɗiyewa,
Masu sarauta da manyan coci kuwa suna zamewa.
A Mayun 1789 sarki ya kira taron wakilan ƙasa a Bersai, garin fadarsa, don a samo mafita ta tsirawa,
Tun 1614 rabon a yi irinsa, sai da tura ta kai bango aka tuna da kowa.

'Yar Damagaram:

Malam, a gafarce ni, kun tsallake mata a hanya,
Su ke gaban murhu, su suka san babu a tukunya.
Kurkukun Bastil na Paris ya faɗi 14 ga Yuli, wannan gaskiya,
Albarushi aka je nema, fursuna 7 ne gaba ɗaya.
Amma 5 ga Oktoba matan kasuwa suka yi gayya,
Masu sayar da kifi, wuƙa a hannu, suna jan igwa a baya.
Kusan kilomita 20 daga Paris zuwa Bersai, ruwa na dukansu suna tafiya,
Tufafi sharkaf da taɓo, ba su yarda su juya.
Washegari suka taso ƙeyar sarki da sarauniya,
Da amalanken fulawa, har Paris, a idon duniya.

Autan Zazzau:

Yaya, bakinki ya yi zaƙi, amma ga tawa fahimta,
Har lokacin karagar nan gyara ake so a yi mata.
An so sarki ya zauna, tsarin mulki ya daidaita,
Shi ne a Yunin 1791 ya sulale cikin dare ya fita.
Ya sa kayan hadimi, sarauniya ta ɓad da kamarta,
Mai kula da dawakin gidan waya ya gane shi, ya kwarmata.
A garin Baren aka tare su, iyakar ƙasa ba su taka ta,
Sarkin da ya juya wa ƙasa baya, wa zai sake ba shi amanarta?
10 ga Agustan 1792 jama'a suka fasa fada, suka mamaye ta,
21 ga Satumba majalisa ta soke sarauta,
21 ga Janairun 1793 wuƙa ta sauka, ta yi aikinta.

Malam Mai Alli:

Ɗana, ka kawo mu inda zuciyata ke karyewa,
Wuƙar da ta ci sarki ta ƙi ƙoshi, ta ƙi tsayawa.
Sarauniya a Oktoba, Danton, jigon juyin, a Afrilu mai zuwa,
Dubbai suka bi su, mafi yawansu ma talakawa.
Robespiyer, jagoran da ke aika su ga wuƙar, a Yulin 1794 shi ma bai samu kuɓucewa.
Ina son 'yancin da suka rubuta, jinin nan ne ba na iyawa.

'Yar Damagaram:

Ni kuwa, Malam, takardar 26 ga Agustan 1789 nake wa tambaya,
Wadda ta ce an haifi mutane da 'yanci, haƙƙinsu ɗaya.
Bayin Haiti sun ji, a 1791 suka tashi ba ja da baya,
1794 aka soke bauta, 1802 Napoleon ya maido ta ba kunya,
Sai a 1804 suka ƙwaci ƙasarsu da tsiya-tsiya.
Mu kuma a 1899 tutar jamhuriyar ta biyo mu har gida, ba sallama, ba gaisuwa ta mutunci ko ɗaya,
Hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan suka ƙone Birnin Ƙonni, gawa har cikin rijiya,
A Lugu Sarauniya Mangu ta tare su da kibiya.