Sabbin 'yan koyo a shagon gyaran gashi: ta ina zan fara koya musu kare kansu daga sinadarai?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Uwar ɗakina ta ɗauki sabbin 'yan koyo, ta ce ni zan riƙe su tunda na fi kowa daɗewa a shagon. Wankin kai da sa rilaksa da rini duk zan iya nuna musu, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne hannun ƙaramar cikinsu. Ita aka ɗora a kan wankin kai, kuma tun ba a je ko'ina ba tsakanin yatsunta ya yi ja, fatar ta bushe tana tsagewa. Idan shamfu ya taɓa wurin sai ta cije leɓe ta ci gaba da aiki. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ni na kama hannun na duba.

Ni dai babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga abin da ke cikin kwalaben nan, da kallo na koya. Ina so yaran nan su samu abin da ban samu ba. Me ya kamata su sani kafin su taɓa rilaksa ko dayis ko hodar bilic mai kore launin gashi? Muna yin farce, muna kuma yin gyaran keratin, wato miƙar da gashi da sinadari da zafi, jefi-jefi.

Anti Mai Kitso ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da kika duba hannun yarinyar nan. Daga nan za ki fara, domin ruwa da shamfu sun fi rilaksa cinye hannun 'yan koyo, kodayake mutane ba sa yarda idan na faɗa. Fata tana da ɗan maiƙon da ke kare ta. Wankin kai daga safe zuwa yamma yana ɗauke shi tas, sai ta tsage, kuma ta waɗannan tsagogin ne dayis ke samun hanyar shiga. Yawancin rini mai duhu yana da wani sinadari da ake kira PPD. Ranar da jiki ya ƙi shi, to ya ƙi shi ke nan har abada. Ko ɗigo ya taɓa sai kumburi da ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa. Na ga gwanaye sun bar sana'a a kan wannan, da ƙuruciyarsu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu gyaran gashi kan gamu da matsalar fata a tsawon aikinsu.

Safar hannu ta naitiril, wata irin roba da ake haɗawa a masana'anta, za ki nema, doguwa wadda ta wuce wuyan hannu, kamar santimita 30, don kada ruwa ya gangara ciki. Ta letes, wato robar ƙaron itace, ita kanta tana jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Sabuwa ga kowace kwastoma, kuma har wankin kai a sa ta, ba sai rini kaɗai ba. Ban da wankewa a shanya a juya ciki waje, don abin da kike gudu shi za ki kwantar a kan fata. Ki tsaya ki nuna musu cirewa: a kama bakinta ta waje, a zare ta tana juyewa, a dunƙule ta a ɗaya hannun, sannan a zura yatsa ta cikin ta biyun a tuɓe. Su yi a gabanki har hannunsu ya saba. A cire zobe kafin aiki, a tsane hannu sosai har tsakanin yatsu, a shafa mai mara ƙamshi. Idan kwastoma tana son yankan gashi da rini, a fara yankan. Kuma don Allah ki raba wankin kan nan tsakaninsu, kada ya zama aikin mutum ɗaya.

Rilaksa kuwa, ki gaya musu gaskiya: wadda ta fi ƙarfi sodar da ake haɗa sabulu da ita ce a ciki. Wadda aka rubuta ba ta da soda ita ma tana ƙuna. Basilin a goshi da kunne da ƙeya, a duba agogo, ba a jira sai kwastoma ta ce ya fara cin ta ba, kuma kan da aka sosa ko yake da ciwo ba a sa masa. Rini a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48.

Ya kamata yarinyar nan ta ga likitan fata tun yanzu.

Mai Farce ta amsa:

Anti ta gama magana a kan hannu, bari in ƙara na teburin farce. Asiton, ruwan goge jan farce, yana kama wuta nan take, don haka kwalba a rufe, audugar da aka jiƙa ta tafi kwandon shara mai murfi, ba a bar ta a kan tebur tana ta tashi ba. Ruwan akirilik, wanda ake haɗa farcen kanti da shi, iri biyu ne: EMA, da MMA wanda jihohi da dama a Amurka suka hana. Za ki gane MMA da wari mai hawa kai, ga farcen ya yi tauri fiye da kima, ki jiƙa a asiton ya ƙi narkewa. Jel ɗin da bai bushe a fitila ba kada ya taɓa fata, taki ko ta kwastoma. Wanda jikinsa ya ƙi shi zai iya samun matsala wata rana a wurin likitan haƙori, domin dangin sinadarin ake cike haƙori da shi. Jel ɗin yana ratsa safar hannu da sauri, idan ya zuba a canza. Ban da ci ko sha a teburin.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode Anti, na gode 'yar uwa, duk na rubuta. Saura keratin. Idan muna jan gashin da ƙarfen miƙarwa idona yana yaji har da hawaye, maƙogwaro yana karta. Mukan sa takunkumi irin na asibiti mu kunna fanka. A jikin kwalbar an ce babu sinadarin fomaldihaid. Hakan ya wadatar?

Jami'in Kariya ya amsa:

Hajiya, bai wadatar ba, kuma hawayen nan kada ki raina shi. Aikina ke nan, horar da ma'aikata a kan sinadarai. Ki juya kwalbar ki karanta jerin abin da ke ciki. Idan kin ga methylene glycol ko formalin, to fomaldihaid ne a narke cikin ruwa, zafin diraya da ƙarfe ke tayar da shi ya zama iskar da kuke shaƙa. A 2011 hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi bayan ta auna iskar wasu shaguna ta same shi, har a inda ake amfani da kayan da aka rubuta ba su da shi. Iyakar da ta sa wa ma'aikaci ita ce kashi 0.75 cikin miliyan na iskar da yake shaƙa a aikin awa 8. Tun 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum kansa.

Takunkumin asibiti ba ya tare shi. Ko N95 ƙura yake tarewa, yana da amfani wajen goge farce, amma tururin sinadari wucewa yake yi. Fankar sama juya iskar kawai take yi, na'urar sanyaya ɗaki ma haka. Abin da ake so fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, kusa da kujerar, da taga a buɗe ta ɗaya ɓangaren. Shawarata dai a daina sayen kayan masu fomaldihaid gaba ɗaya, ya fi kowace dabara.

Hodar bilic ma ki kula, sinadarin fasalfet da ke cikinta yana jawo asma. A zuba a hankali, a gauraya ba tare da ta yi ƙura ba. Duk yarinyar da tarinta ke lafawa ranar hutu ya dawo idan ta koma aiki, a bincika.

Game da koyarwar, ki nemi takardar bayanin haɗari ta kowane kaya daga mai kawo muku, ana kiranta SDS. Sassa 16 gare ta, amma ki riƙe huɗu: na 2 haɗarin, na 4 taimakon gaggawa, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya. Kada ki tara yaran ki yi musu lacca. Kowace safiya kwalba ɗaya a hannu, tambaya uku: me take yi wa jiki, da me zan kare kaina, me zan yi idan ta zuba? Sai ku gwada wankin ido da ruwa zalla. Ɗaya ta karkata kai, idon da abin ya shafa yana ƙasa, ɗaya ta buɗe mata fatar ido ta yi ta zuba ruwa daga gefen hanci. Minti 15 ne mafi ƙaranci, rilaksa tana buƙatar fiye da haka, sannan asibiti da kwalbar a hannu. Idan ba su taɓa gwadawa ba, ranar da ya faru murza idon za su yi.

Wannan horon haƙƙinsu ne. Yarjejeniya ta 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1990, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki sanar da ma'aikata haɗarin sinadarai da horar da su.

Yayar Shago ta amsa:

Abu biyu ba a ambata ba. Kada a juye komai a robar ruwan sha ko kwalbar da ba rubutu, an sha kai yaran kwastomomi asibiti a kan haka. Kuma mai share shago ta sani ba a haɗa bilic na wanke-wanke da abu mai amoniya ko mai tsami, iska mai guba yake bayarwa.

Maman Biyu, kafin ki fara ki zauna da uwar ɗakinku. Safar hannu da man shafawa shago ne zai saya. Idan aka bar wa 'yan koyo su saya da kansu, guda ɗaya za su yi ta wankewa har ta huje.