Wata 14 ina ɗora bidiyon girki, ko dala ban gani ba. Ku ba ni shawara

Maman Ilham (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, abin ne ya cika min ciki. A Garwa nake aure, unguwar Rumde Ajiya, yara uku. Tun ina budurwa ɗinki nake yi da keken da mahaifiyata ta bar min, baƙin nan mai feda, shekara tara ina ci da shi. Sai idona ya fara ruwa, zura zare a allura ma ya koma sai na kira Ilham. Ƙanwar maigidana da ke karatu a jami'ar Ngawundere ta zo hutu, ta ci miyar folerena (yakuwa) da kifin Binuwai, ta ce Adda, mata na can suna samun kuɗi da girkin da bai kai naki ba. Na sayar da keken dubu 45 na sefa, na cika da kuɗin adashi na sayi waya ta dubu 80. Har yau surukata ba ta daina zancen keken ba, ko a gidan suna muka haɗu sai ta tayar, kuma ita ce da can take cewa ƙarar keken na hana ɗanta barci.

Turmi nake kifewa in jingina wayar a kai. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe nake ɗauka, don in rana ta ɗaga wayar zafi take yi ta tsaya, sai na naɗe ta a tsumma mai laima na ajiye gindin randa. Ɗorawa kuma sai ɗayan dare, lokacin da rezo, wato netwok, yake sakin jiki. Na yi tasba (tafasa), na yi busasshiyar kuɓewa, dakuwa, yajin kilishi. A TikTok mutum dubu 23 ke bina, a YouTube 640. Maigida ne ke sa min kuɗin data, yanzu ya ce in azumi ya zo ba a ga komai ba, a sayar da wayar. Wani yaro ya ce zai sayar min da asusun TikTok da aka buɗe a Faransa, dubu 35, wai shi ake biya. In saya? Wai ta ina kuɗin nan suke fitowa ne?

Hamma Sali (Yawunde):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ba yaron nan ko sisi, ki tsaya ki ji. Shekara shida ina wannan harka, babu lungun da ban shiga ba. Tsarin TikTok na biyan masu bidiyo a wasu ƙasashe yake aiki, irin su Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Japan, Koriya ta Kudu da Brazil. Kamaru ba ta ciki. Ko asusun Faransa ne a hannunki, masu kallonki 'yan Garwa da Kano ne, kuma ranar cire kuɗi takardun mutumin Faransa za a nema. Dubu 23 ɗinki suna da kyau a ido, amma ba su ne hanyar ba.

YouTube ce hanyar. Sharaɗinsu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. In an karɓe ki, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogon bidiyo naki ne. Sai dai da na duba jerin ƙasashen da ke cikin tsarin, na ga Najeriya, Ghana, Senegal, Kenya, ban ga tamu ba. Facebook ma a 2024 Najeriya da Ghana ya buɗe wa ƙofa, mu muna kallo. Saboda haka ki nemi ɗan uwa a Yola ko Mubi, a yi komai da sunansa da bankinsa. Za a aiko masa da lambar sirri ta gidan waya, kuma ba a sakin kuɗi sai sun cika dalar Amurka 100, wajen dubu 55 zuwa 60 na sefa gwargwadon canji. Babu wata hanya bayan wannan. Kina da katin ɗan ƙasa mai aiki? Bidiyonki minti nawa ne?

Adda Hauwa (Marwa):
Hamma Sali, duk ka cika mata kai da lissafi. Maman Ilham, ni mabiyana ba su kai dubu 4 ba, amma da su nake biyan kuɗin makarantar yara biyu. Turaren wuta da humra nake haɗawa a Domayo. In nuna yadda nake jiƙa itacen, in sa lambata a ƙasa, a turo kuɗi ta Orange Money ko MoMo, in kai kaya tasha, kwana biyu suna Yawunde ko Duwala. Ke da kike da yajin kilishi a hannu me kike jira wurin Bature? Ƙulla shi a roba ki sa sunanki. Amma kada ki saki kaya sai kuɗi sun shigo. Wata a Bertuwa ta karɓi na dubu 28 tun kafin layya, kullum gobe, yanzu ta toshe ni, kuma ina ganinta tana ɗora hoton sabon leshi. Ga harajin nan na 0.2 cikin 100 da aka ɗora tun 2022, a tura a cire, a ciro a cire, ban da kuɗin mai kiyos, wato mai rumfar tura kuɗi. Allah ya isa tsakanina da matar nan.

Maman Ilham (Garwa):
Na gode Adda. Amma ni ba talla na fito yi ba, koyarwa nake yi. Yajin ma ai na riga na nuna yadda ake haɗa shi daga farko har ƙarshe, wa zai saya kuma? Ga shi maigida ba ya son lambata ta fita waje. Hamma Sali, bidiyona ba sa wuce minti ɗaya da rabi, in sun yi tsawo data ba ta isa.

Hamma Sali (Yawunde):
To ga matsalar nan. Awa 4,000 minti dubu 240 ke nan. Da bidiyon minti ɗaya da rabi, ko kowa ya kalla har ƙarshe sai an kalla sau dubu 160, kuma in a sahun gajerun bidiyo ake kallonsu ba a ma lissafa su cikin awannin. Ki koma minti 10 zuwa 12. Ki riƙa rubuta sunan kayan miya da Faransanci a jikin bidiyon, don kallo ɗaya daga Faransa ko Kanada ya fi na nan tsada nesa ba kusa ba, masu talla a can sun fi zuba kuɗi. Adda Hauwa, abin da kike yi kasuwanci ne, ita kuɗin bidiyo take tambaya. A daina haɗa mata biyun.

Abakar (Injamena):
Ku a Kamaru ma kuna kukan data? Ku zo nan ku gani. Akwai lokacin da nake haye gada zuwa Kuseri da layin Kamaru a aljihu don kawai in ɗora bidiyo ɗaya. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an rufe mana Facebook da WhatsApp, wata 16 cur. Ina da shafin wasan barkwanci da Larabcin Cadi da Hausa, mutane sun fara sanina, kafin a buɗe duk sun watse, abokin wasana ya tafi Libiya. Yanzu gyaran waya nake yi. 'Yar uwa, da ni ne ke da na fara neman yadda zan dawo da keken.

Maman Ilham (Garwa):
Malam Abakar, ai na faɗa idona ne ya hana. Ba don son zuciya na sayar ba.

Buba Mai Kamara (Gidar):
Hamma Sali, ka faɗa mata ɗaya ka bar ɗaya. Ni na bi shawarar nan taka. Bidiyon kasuwar shanu nake yi, na cika sharaɗi, aka yi komai da sunan ɗan baffana a Mubi. Watan farko ya turo. Na biyu ya ce naira ta faɗi. Na uku ya ce banki ya riƙe. Daga baya na ji ya sayi babur. Na kai ƙara wurin baffa, aka ce in yi haƙuri zumunci ya fi kuɗi, yanzu ni ne ma mai laifi a dangi. Imel ɗin nasa ne, lambar tasa ce, ranar da ya ga dama ya canza mabuɗin sirri shi ke nan. Kuma doka a wurin YouTube ita ce ƙasar da kake zaune za ka rubuta, in aka gano saɓani asusun na iya tafiya da kuɗin ciki. Adda Maman Ilham, ki yi tunani.

Hamma Sali (Yawunde):
Buba, ɗan baffanka ne matsalarka, ba shawarata ba. Mutum nawa na ɗora a hanyar nan suna ci har yau. Ka riƙe imel a hannunka, shi ka bar masa banki kawai. Wannan ko yaro ya sani.

Goggo Asta (Ngawundere):
'Yata, ban iya lissafin su Sali ba, amma na ga abu ɗaya da idona. Jikata tana bidiyon lalle, wani mai shagon atamfa a ƙaramar kasuwa yana ba ta dubu 5 duk sati ta nuna kayansa. Ke mai mutum dubu 23, babu mai tukwane ko mai kayan miya a babbar kasuwar Garwa da zai so a ga hajarsa a madafarki? Ki tura maigidan da kansa ya yi musu magana, in kuɗin ta hannunsa suka fara bi zai sassauta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaman laif ɗin nan na bidiyon kai tsaye, mace ta kwana tana roƙon a jefa mata kyautar fure da zaki ta TikTok. Wata a layinmu aurenta ya mutu a kan haka.

Ummi:
Goggo, ba kowane laif ne roƙo ba. Mai mabiya 1,000 da shekara 18 za ta iya buɗewa, ta yi girkinta ana tambaya tana amsawa, ko fuska ba sai ta nuna ba.

Maman Ilham (Garwa):
Goggo na gode, Allah ya ƙara girma. An taɓa zuwa min da talla. Wata Hajiya ta ce dubu 10 in nuna man shafawarta na ƙara haske, na ƙi, don 'yan mata ne rabin masu kallona kuma na ga yadda man nan ya yi wa fuskar maƙwabciyata. Ban yi nadama ba. Masu tukwane kuwa, in na fara cusa talla mutane za su ce na canza. Jiya wata daga Makka ta rubuto ta ce rabonta da ganin ana tsinke tasba tun rasuwar kakarta, ta yi kuka. Irin wannan ne ya sa ban iya bari. Laif kuma maigida ba zai yarda ba, ba sai na tambaya ba. Yola ina da ɗan yayata, yaron kirki ne, ba irin na Buba ba.

Buba Mai Kamara (Gidar):
Nawa ma haka nake cewa a kansa.

Adda Hauwa (Marwa):
Kin ce wa zai sayi yaji tunda kin nuna haɗin. Wallahi su ne za su saya. Matar da ke aiki a Duwala ina ta ga lokacin daka citta da masoro da kanumfari? Kallo za ta yi ta ce a aiko. Ki sa lambar ƙanwar mijin in taki ce ba a so. Roba 20 kawai ki gwada.

Hamma Sali (Yawunde):
Roba 20 ribar nawa ce? Ƙanwata, ki tsaya kan abin da na faɗa miki. Dogon bidiyo biyu a sati, kafin wata shida ki zo ki ba ni labari. Har yanzu ba ki amsa min zancen katin ba.

Maman Ilham (Garwa):
Wata shida ya wuce azumi, Hamma. Kuma dogon bidiyo biyu a sati datar wata guda ce a wurina. Yaron nan mai asusun Faransa ya sake kira, ya sauko dubu 25, ya turo min hoton kuɗin da wani ya cira. Na ce masa ya ba ni zuwa Juma'a.

Abakar (Injamena):
Hoton nan a minti biyar ake haɗa shi. A shagona ma yara na yi.

Nafi 'Yar Kuseri:
Salam. Don Allah Hamma Sali, ni ma tambaya gare ni. Kitso nake ɗorawa, mabiyana 1,200 a YouTube, amma ba ni da kowa a Najeriya sai wata ƙawar mamana a Maiduguri. Ita ma za ta yi?